Allurar Jijiya a Gida: Amfanin Bidiyo da Iyakarsa

A wannan fitowa ina so mu tattauna a kan wani abu da yawancinku kun taɓa gani, wato a sallami mara lafiya daga asibiti alhali bai gama karɓar allurar jijiya ba. Sai ya tafi gida da 'yar robar nan da muke kira kanula a maƙale a hannunsa, ya riƙa dawowa kullum ana yi masa allurar, ko kuma ma'aikacin lafiya ya riƙa bin sa gida.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Duk matar da za a sallama a irin wannan hali, ya kamata asibiti ya haɗa ta da gajeren bidiyo na Hausa a cikin waya, wanda ita da mutanen gidanta za su riƙa kallo. Sai dai aikin bidiyon shi ne ya koya musu kula da kanula da gane alamun haɗari. Yin allurar kansa aikin ma'aikacin lafiya ne da ya yi karatun abin, kuma haka ya kamata ya ci gaba da zama.

Wace ce ake sallama da kanula?

A cikin masu ciki da masu jego, cututtukan da suka fi kai mace ga allurar jijiya ta kashe ƙwayoyin cuta su ne ciwon mafitsara da ya haura zuwa ƙoda, da ciwon mahaifa bayan haihuwa, musamman idan an yi doguwar naƙuda ko faya ta daɗe da fashewa, da ruɓewar wurin ɗinki bayan tiyata, sai kuma ƙurjin nono idan ya yi tsanani. Waɗannan ba cututtukan wasa ba ne. Wani nazari da masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar a 2014 ya nuna cewa kusan ɗaya cikin goma na matan da ke rasuwa ta dalilin ciki da haihuwa a duniya, shigar ƙwayoyin cuta ne ke yin ajalinsu.

Saboda haka a gadon asibiti ake fara magani. Sai zazzaɓi ya sauka, mace ta fara cin abinci, jikinta ya yi ƙwari, sannan likita zai duba abin da ya fi dacewa. Sau da yawa ƙwayoyin sha ake mayar da ita a kansu, kuma 'yar'uwa, kada ki raina su. Mutanenmu na ganin allura ta fi ƙwaya ƙarfi a kowane hali, alhali ba haka ba ne. A 2019 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Birtaniya a kan mutum 1,054 masu ciwon ƙashi da gaɓoɓi, aka ga waɗanda aka mayar kan maganin sha sun warke daidai da waɗanda suka ci gaba da allurar jijiya. Amma akwai lokacin da ƙwayar cutar ba ta jin maganin sha, ko mace tana amai ba ta iya riƙe shi. A nan ne ake ci gaba da allura, kuma da yake magani irin su ceftriaxone sau ɗaya ake yin sa a rana, likita na iya yarda a ƙarasa daga gida.

Dalilan son komawa gida kowa ya san su: kuɗin gado, yaran da aka bari, mai jinya da ke kwana a baranda, ga hidimar suna tana matsowa. Asibiti ma yana buƙatar gadon domin wata da ta fi jin jiki. Ba laifi ba ne idan likita ne ya yanke hukuncin. Abin da ke damuna shi ne yadda ake tafiya gidan da kanula ba tare da ilimin zama da ita ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Ki tuna yadda ranar sallama take. Maigida yana can wurin biyan kuɗi, ana ta haɗa kwanuka da fulas, jariri yana kuka, mai mota yana jira a waje, ke kuma ɗinki yana miki zafi. A cikin wannan hayaniya ne nas za ta tsaya ta jero miki bayani guda goma a cikin minti biyar, ga wasu marasa lafiya na jiran ta. Za ki ce "to" ga kowanne saboda ladabi, amma nawa ne zai kai gida tare da ke? Wani nazari da aka buga a Ingila a 2003 ya nuna cewa marasa lafiya kan manta kashi 40 zuwa 80 cikin 100 na bayanin da aka yi musu a asibiti nan take, kuma abin da suka riƙe ma wani ɓangarensa ba daidai suke riƙe shi ba. Wannan ba rashin kaifin ƙwaƙwalwa ba ne, haka ciwo da fargaba suke yi wa kowa.

Takarda tana taimakawa, amma ba kowace uwa ce ke karatun boko ba. Ga kuma wata matsalar: wadda ta ji bayanin a asibiti ba ita ce za ta yi miki wanka a gida ba. Gwaggo ce ko uwar miji ko wata dattijuwa a unguwa, wadda ba ta taɓa jin cewa ruwa na iya ɓata wurin kanula ba. Bidiyo yana toshe waɗannan kafofi. Ana iya kallon sa sau goma, da rana ko da tsakar dare, kowa a gida zai gani, kuma abin da ya faɗa jiya shi zai faɗa yau. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Yadda wasu suka yi

Ba da allurar jijiya a wajen asibiti ba sabon abu ba ne. A 1974 ne wasu likitoci a Amurka suka fara ba da rahoton yin hakan ga yara masu wani ciwon huhu na gado, daga baya tsarin ya bazu zuwa ƙasashe irin su Birtaniya da Ostireliya. Misalin da ya fi jan hankalina shi ne na asibitin Parkland da ke birnin Dallas a Amurka, asibitin da talakawa marasa inshorar lafiya suke zuwa. A 2009, ƙarƙashin jagorancin Dakta Kavita Bhavan, suka fara koya wa irin waɗannan marasa lafiya yadda za su ɗaura wa kansu ruwan magani a gida, suna rataye ledar a jikin maratayin tufafi. Sun haɗa koyarwar da bayani mai sauƙi da bidiyo na Turanci da Sifaniyanci da ake kallo a waya. Sakamakon da suka buga a 2015 ya nuna cewa mutum 944 da suka bi tsarin ba su fi waɗanda ma'aikata suka yi wa allurar yawan dawowa asibiti a kwantar da su ba, sun ma fi su ƙarancin dawowa, kuma asibitin ya samu sararin kwanakin gado sama da 27,000 a cikin shekara huɗu.

To amma a lura da abin da ke bayan wannan nasara. Ba kowa suke ɗauka ba, sai an tantance. Ba a sallamar mutum sai ya gwada komai da hannunsa a gaban nas, ta gamsu ya iya. Ba irin 'yar kanularmu ta bayan hannu suke tafiya da ita ba, wata doguwar roba ce ta musamman da ake zurawa har babbar jijiya kusa da zuciya, mai iya ɗaukar makonni. Sannan duk mako suna dawowa asibiti a gwada jininsu, a sake musu filasta. Bidiyo ɗaya ne daga cikin duwatsun murhun, ba shi kaɗai ya ɗauki tukunyar ba. Mu da yawancin gidajenmu ba ruwan famfo, wuta ba ta tsayawa, motar asibiti ba ta zuwa cikin minti goma, bai kamata mu kwaikwayi yi wa kai allura ba. Abin da za mu ɗauka shi ne darasin: idan aka koya wa talaka abu da harshensa, a hanyar da zai gani da idonsa, yana riƙewa, yana kuma aiki da shi.

Abin da bidiyonmu ya kamata ya nuna

Ba dogon fim ake buƙata ba. Gajeru ne na minti biyu zuwa uku, kowanne da darasi ɗaya, a ɗauke su a irin ɗakunanmu, da buta da bokiti da tabarma. Kafin a samu hakan, ga darussan a rubuce, a karanta wa wanda bai iya karatu ba.

1. Tsabtar hannu. Kanula ƙofa ce da aka buɗe kai tsaye zuwa cikin jini, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kada kowa a gida ya buɗe murfinta ko ya yi wasa da ita, a kuma nesanta ta daga hannun yara. Mai yi miki allura ya wanke hannu da sabulu a gabanki, ya goge bakin kanular da sifirit, ya bar shi ya bushe. Idan bai yi ba, ki tuna masa, haƙƙinki ne.

2. Ruwa. Wankan jego, wankin kayan jariri da wanke-wanke duk suna jiƙa filasta, jiƙaƙƙiyar filasta kuwa matattarar ƙwayoyin cuta ce. A rufe wurin da leda mai tsabta lokacin wanka, kada a tsoma hannun a ruwa, kada a watsa masa ruwan zafi da ganye. Game da alwala, malamai sun yi bayanin hukuncin shafa a kan ɗauri ga mai larura, a tambaye su. Idan filasta ta jiƙe ko ta ɗaga, a zo a sake ta a ranar.

3. Duba wurin kanula safe da yamma. Littattafan waje suna cewa a lura da ja, amma a baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, balle hannun da ya sha lalle. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa mu shirya namu bidiyon da hannayen matanmu. Ki kwatanta hannun da ɗayan. Ya kumbura? Ya fi ɗayan ɗumi? Yana zafi idan an taɓa, ko lokacin da ake tura magani? Jijiyar ta yi tauri kamar igiya? Akwai mugunya ko ruwa na tsattsafowa? Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a cire kanular a sake wuri. Ko ba ta nuna komai ba, asibitoci da dama suna sake ta bayan kwana 3 zuwa 4, kuma ranar da aka gama allura ranar ake cire ta.

4. Idan kanula ta fita da kanta. A danne wurin da auduga mai tsabta na 'yan mintoci, a ɗaga hannun sama, a rufe. Kada a kuskura a mayar da ita.

5. Alamun da ba a kwana da su a gida. Zazzaɓi ya dawo ko zafin jiki ya kai digiri 38, rawar sanyi, numfashi da sauri, ruɗewa ko yawan barci, raguwar fitsari, ciwon mara mai tsanani, jinin biƙi ya ƙaru ko ya yi wari, gudawa mai yawa. Ga mai ciki kuma: motsin ɗa ya ragu, ciwon naƙuda kafin lokaci, zubar ruwa ko jini. Idan bayan allura aka ga borin jini, kumburin fuska ko leɓe, ko numfashi yana sarƙewa, wannan gaggawa ce ta mintoci, ba ta awoyi ba.

6. Kiyaye lokaci. Idan an ce sau ɗaya a rana, ana nufin kusan lokaci ɗaya kullum, ba yau da hantsi gobe bayan isha'i ba. Kada a tsallake ranar suna saboda baƙi, kada a tsaya don an ji sauƙi sai likita ya ce a tsaya. Wasa da waɗannan magunguna ne ke sa ƙwayoyin cuta su daina jin su. Wani babban bincike da aka buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ne abin ya fi yi wa ɓarna idan aka duba yawan jama'a.

7. Magani da kayan allura. A sayi magani a wurin da aka amince da shi, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewarsa, a ajiye shi nesa da rana da yara. Ba a ajiye ragowar wanda aka riga aka dama. Kowace allura da sabon sirinji, a buɗe shi a gabanki. Waɗanda aka yi amfani da su a zuba a roba mai kauri mai murfi a dawo da su asibiti, kada a zubar a bola inda yara ke tsince-tsince, domin ta tsinin allura ana ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau.

Inda bidiyo ya tsaya

Yanzu ga gargaɗina, musamman gare ku magidanta da samarin gida masu ƙarfin hali. Kallon bidiyo ba ya mayar da mutum nas, kamar yadda kallon direba ba ya ba ka lasin. Bidiyo ba zai auna zafin jikin matarka ko bugun jininta ba, ba zai taɓa mararta ya ji mahaifa ba, ba zai saurari bugun zuciyar ɗan da ke ciki ba. Akwai abubuwan da ido ba ya gani a hoto. Ceftriaxone idan ya haɗu da ruwan ƙari mai sinadarin kalsiyam yana daskarewa ya zama gari-gari a cikin robar. Gentamicin da nauyin jiki ake lissafa shi, idan ya yi yawa yana taɓa ƙoda da ji, shi ya sa muke tambayar ko ana jin ƙara a kunne ko jiri. Wasu magungunan ba a ba mai ciki su sam. Allurar farko kuwa dole a yi ta a inda akwai maganin gaggawa a kusa, domin ba a san jikin da zai ƙi magani ba sai an ba shi.

Haka nan duk wannan bayani na manya ne. Jariri sabon haihuwa da ya yi zazzaɓi, ko jikinsa ya yi sanyi, ko ya ƙi kama nono, ko yake numfashi da ƙyar, asibiti za a kawo shi nan da nan. Kada a ce ai akwai ragowar maganin uwarsa a gida.

A kuma yi hattara da bidiyoyin da ke yawo a WhatsApp da Facebook da TikTok. Farar riga ba shaidar karatu ba ce. Duk bidiyon da bai faɗi asibiti ko hukumar da ta shirya shi ba, ko yake tallar magani, ko yake cewa ba sai an je asibiti ba, a bar shi inda aka gan shi. Idan kina shakka, ki kawo wayar ranar awo ki nuna mana.

Amsa ga masu shakka

Wasu za su ce matanmu da yawa ba su da babbar waya, data kuma tsada. Gaskiya ne. Amma a wane gida ne ba a kallon finafinan Hausa a waya? Yadda masu turi a kasuwa suke zuba fim a memori, ko ake tura shi ta Xender da Bluetooth ba tare da intanet ba, haka nas za ta iya tura bidiyon minti uku a wayar maigida ko ta ƙanin miji kafin sallama. Ana iya kunna shi a talabijin ɗin zauren awo, mata na kallo suna jiran layi. Abin ma ba baƙo ba ne a wurinmu, domin tun zamanin En'e motar majigi ke shiga garuruwa tana nuna wa kakanninmu finafinan tsabta da noma. A ƙaramar hukumar Toro ta jihar Bauchi an gudanar da wani aikin bincike, wanda aka fara buga sakamakonsa a 2019, inda mata ke ziyartar masu ciki gida-gida, maza kuma ke zama da mazajensu, a wasu mazaɓun har da nuna musu gajerun wasannin kwaikwayo a waya a kan haɗurran ciki. Sanya maigida cikin lamarin shi ne babban abin koyi, domin shi ne mai ba da izinin fita, shi ne mai neman mota da tsakar dare.

Wasu kuma, har a cikin abokan aikina, suna tsoron kada bidiyo ya zama hanyar gudun aiki, a tura wa mace a waya a ce an gama da ita. Wannan tsoro yana kan hanya, kuma maganinsa shi ne ƙa'ida: a kalli bidiyon tare da nas tun kwana ɗaya ko biyu kafin sallama, sannan mara lafiya da mai jinyarta su maimaita da bakinsu, su nuna da hannunsu yadda za su rufe kanula da leda, su lissafo alamun haɗari. Wadda ba ta iya ba, a sake mata, ba tare da tsawa ba. Ina kira ga shugabannin asibitocinmu na koyarwa su ɗauki wannan aiki. Muna da likitoci da masana magunguna da za su tantance bayanin, muna da ma'aikatan jinya masu Hausa a baki, ga matasa masu iya ɗaukar hoto a kowace unguwa. Kuɗin da za a kashe bai kai na jinyar mace ɗaya da cuta ta shiga jininta ba.

Kafin ki bar asibiti

Ko da bidiyo ko babu, kada ki fita da kanula sai kin samu amsar waɗannan tambayoyi, kuma a rubuta miki a kati. Mene ne sunan maganin, kuma kwana nawa ya rage? Ba za a iya mayar da ni kan na sha ba? Wa zai yi mini allurar, a ina, da ƙarfe nawa? Yaushe za a sake kanular, yaushe za a cire ta? Wace rana zan dawo ganin likita? Wace lamba zan kira, wace ƙofa zan nufa idan abu ya taso da dare? Kada ki ji kunya, tambaya ba rashin ladabi ba ce. Idan kuma gidanku na da nisa, ko babu ma'aikacin lafiya mai rajista da zai riƙa yi miki allurar, ki faɗa wa likita gaskiya. Ƙarin kwana biyu a gadon asibiti ya fi dawowa a kwance.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba masu jego ƙoshin lafiya, Ya raya mana abin da aka haifa. Amin.